Dutsen da Ya Ci Duilio

A gidan kayan tarihi na Firenze, tsohuwa Ornella na zaune gaban ƙaton mutum-mutumin farin dutse, wani baƙo ya matso yana ɗaukar hoto.

"Iya, dubi jijiyoyin hannunsa! Kamar zai yi numfashi."

"Ba zai yi ba."

"To me ya kawo ki?"

"Ɗana Duilio. Irin wannan dutsen yake fasawa a Karrara. Kullum cewa yake zai kawo ni."

"Shi ne ya bar ki ke kaɗai cikin cunkoson nan? 'Ya'yan zamani!"

"Dutsen ya rufta masa bara."

Baƙon ya sauke wayarsa. "Ayya, Iya..."

"Ɗauki hotonka. Wannan ko ƙura ba a bari ta taɓa shi. Nawa kuwa sai da ya fara wari aka tono shi."