Wa Zai Kai Baƙo Makabarta?

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Garba mahauci ne daga Trans-Amadi, Fatakwal. A gaida min abokan aikina na kwata.

Na saurari shirinku kan motocin lantarki. Ɗana Sadiku ma kullum zancensa ke nan: wai ta China ta fi araha, ta Amurka ta fi daɗewa kafin caji ya ƙare. Har ya ce min, "Baba, ka sayar da tsohuwar motarka. Nan gaba ba mai ajiye mota, a waya ake kira." Na kusa yarda.

Ranar Talata wani ɗan dako daga ƙauyenmu ya rasu, ba shi da kowa a nan sai mu. Motata kuma tana wurin makaniki. Sadiku ya kira mota a waya. Direban na ganin likkafani ya juya. Wanda ya biyo bayansa ko tsayawa bai yi ba. Ƙarshe motar ɗaukar nama muka wanke, muka kai bawan Allah makabarta.

Malam, ta China da ta Amurka duk ɗaya ne a wurina. Ku tambayar mana masana: in kowa ya daina ajiye mota, wa zai ɗauki gawar baƙo?