Ƙodar da Ƙanena Sule Ya Ba Ni

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Baba Fasto, dattawa, iyayena mata, sannunku da ɗawainiyar da kuka yi da ni.

Ni ne Bitrus na Gude. Da yawanku kun san halina na da. Ranar kasuwa ba na isa gida sai na ratsa ta wajen masu burkutu. Kullum da ƙwayar kashe gajiya a aljihuna, in haɗiye biyu in shiga gona. An gaya mini ina da hawan jini, na yi kunnen ƙashi. Haka na yi ta yi har ƙafafuna suka kumbura, ƙodojina suka daina aiki, aka fara yi mini wankin ƙoda a Kano.

Likitoci suka ce sai an yi dashe. Aka gwada matata Saratu, ba a dace ba. Saura ƙanena Sule, uwa ɗaya uba ɗaya. Sule ya musulunta tun yana saurayi, yana koyarwa a wata Islamiyya a Unguwar Tudu, can Gwarzo. Ni ne na tare shi a ƙofar gida ranar da muka binne babanmu, na ce ba shi da wurin zama a cikinmu. Tun ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa mu ba.

Kunya ta hana ni aika masa. Shi ya ji labari ya zo da ƙafarsa, ya tsaya a bakin gadona ya ce, "Yaya, a gwada ni." Aka gwada, aka dace, aka yi aiki. Ƙodar ta karɓa, muka yi murna.

Kamar kwana goma bayan haka sai idanuna suka koma rawaya, fitsarina ya yi duhu kamar baƙin shayi. In na ɗaga kai sai jiri. Kullum aka auna, jinina ya ragu. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Gwaggo Ladi, ƙanwar babanmu, ta zo dubiya. Ta ce ita dama ta sani, naman wanda ya bar hanya ba zai zauna lafiya a jikin mai bi ba. Maimakon in yi shiru, sai na ce, "Da na sani da ban karɓa ba. Kashe ni ya zo yi."

'Yan'uwa, ashe Sule yana bakin ƙofa! Ya kawo mini kunu, hannunsa ɗaya dafe da inda aka yanka shi. Ya ajiye kwanon a ƙasa, ya juya ya tafi.

Washegari likitar da ke duba ni ta zauna ta yi mini bayani. Ta ce ƙodar lafiyarta ƙalau. Kowane jiki yana da sojojin da ke kare shi daga cuta, to wasu daga cikin na Sule ne suka biyo ƙodar suka shigo jikina. Da yake rukunin jininmu ba ɗaya ba ne, sai suka ɗauki nawa baƙo, suna farfasa shi. Ta ce ba laifin kowa ba ne, kuma za su ƙare da kansu, amma kafin nan dole a riƙa ƙara mini jini irin na Sule, don shi ne ba za su taɓa ba.

Tana fita na juya fuskata bango na fashe da kuka. Na ce, "Ya Yesu, bakina ya fi ciwona muni. In mutuwa zan yi, kada ka bar ni in tafi da wannan magana a kunnen ƙanena."

Sule ba zai iya ba da jini ba, bai warke ba tukuna. Amma bayan kwana biyu sai ga mota daga Gwarzo cike da malamai abokan aikinsa, sun zo a gwada jininsu su ba ni. Shi ya turo su, shi kuwa bai zo ba. Wasunku ma kun zo, kun zauna benci ɗaya da su kuna jiran layi. A hankali idanuna suka washe, jinin ya daina raguwa. Yabo ga Ubangiji!

Da aka sallame ni, gidansa na fara sauka. Na durƙusa a zaure na roƙe shi gafara. Ya ɗaga ni ya ce ya wuce, amma bai kalli idona ba. Har yau gaisuwarmu gajeriya ce, kuma abin yana cina. Ga magani da zan sha har ƙarshen raina.

Duk da haka ina tsaye a gabanku da rai, na kuma rabu da giya, don haka na gode wa Allah. Ku taya ni addu'a a kan ƙanena. Wanda ke cikin tsanani a nan, ya riƙe harshensa ya dogara ga Yesu, domin ya ji kukana a lokacin da ban cancanci a ji ni ba. Amin.