Gilasan da Na Ɗauko wa Fadamar Malam

Tunkiyar da Malam ya bar mani, ita na saida na yi kuɗin mota. Ku matso, ba ni ɗaga murya.

Ina fita takaba ƙannensa sunka zo, wai fadamarmu ta Kamarawa ta fi ƙarfina. Mace ba ta iya sayen fetur ɗin injin ban-ruwa, in ba su su noma. Na san in sunka shiga, ɗiyana ba su ƙara ganinta. Na ce su ba ni rani biyu.

Abuja na tahi, gidan wani mai sana'ar ƙanƙara. Ba shi ƙona mai. Rufin duk gilasan sola ne, su ka ba firji wuta. Aikina in hau in wanke su tun rana ba ta gasa su ba. Sauran mata tsoron tsani suke. Ni mi ya rage mani na tsoro?

Oga mutum ne mai son bayani. Kullum kabon, kabon, kamar sunan ɗan fari. Wai hayaƙin janareta ne ka ɗumama duniya, shi ya sa damina ke rikicewa har garinmu.

"Mama, duniya kike ceto," in ji shi.

"To duniya ta biya ni."

Ya faɗi albashi. Na ce, "Albarka."

"Mama, nan ba kasuwar shanu ba ce."

"Ko'ina kasuwa ne. Rage kuɗin, ka ba ni gilasan can biyu da ka jingine bayan gida."

"Sun tsage a gefe."

"Ni ma haka. Suna aiki?"

Suna yi. Famfon da za su juya kuwa, gari da ƙuli na ci har na saye shi. Mai gidan haya ta ce ɗakinta ba shago ba ne, in fitar da su. Na ce tare munka zo, tare za mu fita. Ta ƙyale ni. Na naɗe su cikin zannuwana na aza bisa gado, ni na kwana a ƙasa.

Haka na kawo su tashar garin Isa, ko ƙwarzane ba su ƙara ba. Nan na iske Sani, ƙanen Malam, zaune bisa ƙunshin tabarma da tukwane.

"Matar Yaya, ina za ki da wannan?"

"Fadama za ni."

"Ba mai zuwa fadama yanzu. Mutanen daji sun tashe mu. A makaranta muke kwana."

"To wa ya noma ta?"

"Ciyawa."

Ban yi kuka ba. Na ce ya kama mani gefe ɗaya.

Ga su nan kuna gani a jingine, suna cajin wayoyin waɗanda sunka gudo. Famfon na ƙarƙashin gado, ko ledarsa ban cire ba. Gilasan kullum sai na wanke su, hannu ya saba. Oga ya so a rage hayaƙi. Fadamarmu dai yanzu babu shi, ko na inji ko na girki.

Ladi, cire wayar can, ta cika.