Dashen Kwakwa na Popo Babba

A tashar Hilakonji, kan iyakar Togo da Benin, muna jiran motar Kwatano ta cika, wani mai jakar ofis ya ƙura wa dashen kwakwa uku da ke cinyar wata tsohuwa ido.

"Iya, ina za ki dasa su?"

"Popo Babba."

"Babba a suna! Teku ai ta cinye garinku."

"Kai ɗan ina ne?"

"Aneho, Popo Ƙarama. A garinmu gwamnan Jamus ya zauna."

"To, ina Jamusawan? Mu dai muna nan."

"Kwakwa sai ta shekara shida take haihuwa. Ruwa zai riga ki."

"Sau biyu yana riga ni. Ya ci ɗakina, ya ci kabarin mijina. Na ja baya taku ɗari, na sake dasawa. Kai gidanku fa?"

Ya murza hannun jakarsa.

"Ina Lome. Shekara tara ke nan wucewa kawai nake yi ta Aneho. Babu abin gani."

"Ba ka sauka ba dai." Ta ɗora masa dashe ɗaya, ƙasa ta ɓata farin wandonsa. "Aneho na bayanka, ɗan nan. Ga motar garinku can."