Teburin Auta da ya koma kujera

Ummi: Salamu alaikum. Baba? Kana ji na?

Baba: Wa alaikumus salam. Wa ke magana? Ɗaga murya, layin nan sai ƙara yake.

Ummi: Ni ce, Ummi. Ina wuni, Baba?

Baba: A'a, uwata ta kaina! Lafiya lau. Ya gida, ya maigidan?

Ummi: Duk lafiya. Ya ƙarfin jiki? Ya idon?

Baba: Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya ɗinki?

Ummi: Mun gode Allah. Ina Inna?

Baba: Ta leƙa maƙwabta. Ina mutuniyata Auta? Yau ban ji ta fizge wayar ba.

Ummi: Hmm. Ai saboda ita na kira. Baba, akwatin kayan aikin nan da ka ba ta, zan aiko maka da abinka ranar Asabar.

Baba: Subhanallahi! Ta yanke ne? Zarto ya kama ta?

Ummi: Ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ni ta yanka. Ka tuna kwabar da ka yi min da hannunka lokacin da zan bar gida?

Baba: Wacce? Ƙofa?

Ummi: Kwaba, Baba, kwabar kwanuka! Ƙyaurenta ɗaya ya ɓalle bara, na jingine shi bayan gado ina jiran ka zo ka mayar. Yarinyar nan ta bari na tafi kasuwa, ta ɗauke shi ta sa masa zarto.

Baba: Ikon Allah. Ta yi me da shi?

Ummi: Wai tebur. Wai ta gaji da ganina ina sunkuyawa ɗaukar almakashi da zare a ƙasa, za ta yi min na ajiyewa kusa da keke. Shekara goma sha biyu fa, amma ƙarfin hali kamar ɓarawo da sallama! Na ƙwace akwatin na tura ƙarƙashin gado. Tun jiya take kuka, ko abinci ta ƙi.

Baba: Tsaya tukuna. Ƙafafun fa, ina ta samo?

Ummi: Guntayen katako ta roƙo wurin kafintan bakin titi. Baba, ba wannan ce maganar ba.

Baba: Ita ce maganar mana. Ƙusa ta buga ta sama?

Ummi: Ni ina na sani? Bari in duba... A'a, babu kan ƙusa a sama. Wasu 'yan sanduna ta kewaya ta ƙasa, ta shafa gam, ta ɗaure da igiyar shanyata har ya bushe.

Baba: Allahu akbar! Sau ɗaya fa na nuna mata wannan, sau ɗaya tak! To, teburin ya kai tsayin keken?

Ummi: Wane tsayi? Ai abin haushin ke nan. Da ta gama sai ya riƙa rawa, ƙafa ɗaya ta fi. Ta rage ta. Sai wata ta fi. Ta rage wannan ma. Haka ta yi ta bi tana yankewa, ƙafa bayan ƙafa, har tebur ya dawo bai wuce taƙi ɗaya ba... Baba? Dariya kake yi?

Baba: Wayyo cikina! Bar ni in yi tari... Ummi, kin san 'yar kujerar da uwarki take zama a kai tana wanke-wanke?

Ummi: Baƙar nan mai santsi? A kanta aka yi min kitso har na girma.

Baba: To, teburin cin abinci ne. Na mutum shida.

Ummi: Haba, Baba!

Baba: Wallahi. Shi ne aikin farko da maigidana ya sakar min a shago. Na yi ta bin ƙafafu kamar yadda ta yi, sai da na ga saman ya yi wa ƙafafun yawa, na rage shi ma. Ni ina da shekara goma sha bakwai a lokacin, kuma tawa har yau sai an sa mata takarda a ƙafa ɗaya. Tata fa? Tana rawa?

Ummi: Ba ta yi.

Baba: Halo? Me kika ce?

Ummi: Na ce ba ta rawa.

Baba: Kin gwada a kan siminti? Kin sa nauyi?

Ummi: Baba, a kanta nake zaune tun da na kira ka.

Baba: Ke ɗin? Duk jikin nan naki?

Ummi: Kai, Baba! To, ko ƙara ba ta yi ba. Ta goge ta da samfefa har ba ta kama zane. Ɗazu matar mai shago ta kawo ɗinki, ta tambaye ni inda na saya. Na ce 'yata ce ta yi. Sau biyu na faɗa, don kada ta ce ba ta ji ba.

Baba: Amma kika bar yarinya da yunwa.

Ummi: Ƙyauren ne ya yi min ciwo. Idonka ya riga ya tafi, Baba, na san ba za ka sake yi min wani ba.

Baba: Gaskiya ne, ba zan sake ba. Shi ya sa na ba ta akwatin. 'Ya'ya bakwai na haifa, babu wanda ya taɓa tambayata yadda ake riƙe zarto, sai ita. Ki auna wanda ya rage ki ba ta, ita za ta yi miki sabo. Amma ki faɗa mata, in abu na rawa, a ɗora shi inda ƙasa ta daidaita, a kwantar da fensir a kan guntun katako, a zana ƙafafu huɗun gaba ɗaya, sannan a...

Ummi: Tsaya, ni ba zan riƙe ba, kuma katina ya kusa ƙarewa. Auta! Ke Auta! Share fuskarki, jawo akwatinki a ƙarƙashin gado, ki zo da fensir, ga kakanki zai faɗa mi...

Baba: Halo? Ummi? Halo! Kash, ya yanke... Ƙafa huɗu, ko motsi! Kai, jikar kafinta!