Kibiya Ta Ɓata a Taron Manoma

Malam Ado: Salamu alaikum. Rumaisa?

Rumaisa: Wa alaikumus salam, Baba! Ina wuni?

Malam Ado: Lafiya lau. Ya karatu? Ya Kano?

Rumaisa: Alhamdulillahi. Ya Inna da ƙafa? Ya mutanen Kiru?

Malam Ado: Da sauƙi, kowa lafiya. Ruwa ma ya sauka, sai dai tsutsa ta sa masara a gaba. To, dama... kibiya ce ta ɓata.

Rumaisa: Kuɓewa? A gonar fadama?

Malam Ado: Kibiya! 'Yar farar nan ta cikin kwamfutarki.

Rumaisa: Kwamfutata? Wadda na kulle a akwati? Baba, duk aikina na makaranta yana ciki fa!

Malam Ado: Aro na yi. Malamin gona ya bar mana bidiyon maganin tsutsar, na tara manoma, wasu tun daga Ɗansoshiya. Tasi'u mai gyaran waya ya jona ta da talabijin ya wuce kasuwa. Ina jan linzamin kwamfutar, kibiyar ta bi gefen hagu ta fice. Ga mutane sun zuba min ido, ga mai na ƙarewa a janareta.

Rumaisa: Ba ɓata ta yi ba. Duba talabijin ɗin.

Malam Ado: Me? Muryarki na yankewa.

Rumaisa: TALABIJIN! Girgiza linzamin!

Malam Ado: La ilaha illallahu! Ga ta can a ƙarshen dama, tana rawa! To ita da ta fita ta hagu?

Rumaisa: Talabijin ɗin a wane ɓangare take?

Malam Ado: A damana.

Rumaisa: Shi ne. Kwamfutar ta ɗauka a hagu take. Kamar ɗaki biyu ne da ƙofa a tsakani, sai an nuna mata inda ƙofar take. Ka shiga wajen saiti, za ka ga akwati biyu...

Malam Ado: Dakata, ga ƙanenki nan. Sagir, kama talabijin ɗin ta can! A hankali, kada wayar ta zare. Yauwa. Mun mayar da ita hagun.

Rumaisa: Baba! Ɗaukar ta kuka yi?

Malam Ado: Ai ga shi tana wucewa sumul.

Rumaisa: To danne saman bidiyon, ka ja shi can, kada ka saki.

Malam Ado: Ya haye! Ga tsutsar nan ƙatuwa kamar gwangwala. Amma tsaya. Tsakanin allunan akwai fili ya fi kamu biyu, har da butar shayi. Ta ina take bi?

Rumaisa: Ita ba ta san da filin ba, a wajenta manne suke.

Malam Ado: Ikon Allah! Ga Alhaji Ɗahiru ya sa hularsa a tsakani, wai zai tare ta.

Rumaisa: Baba, ku kunna bidiyon kafin man ya...

Malam Ado: Yanzu, bari a ga ko za ta faɗa hular tuku...