Reza a Gidan Tikiti

Gwaggo: Salamu alaikum.

Mai Agogo: Wa alaikumus salam. Gwaggo ce da kanta? Ina kwana, Gwaggo?

Gwaggo: Lafiya lau. Kun tashi lafiya?

Mai Agogo: Lafiya ƙalau. Ya ƙarfin jiki? Ya yatsun?

Gwaggo: Suna nan yadda ka san su. Ya mai ɗakinka?

Mai Agogo: Tana lafiya, tana gaishe ki.

Gwaggo: Ba ta san zan kira ba, yaushe ta ba ka saƙon? Ka dai gaishe ta. Ƙaramar ta daina tarin?

Mai Agogo: Ta daina, har ta koma makaranta.

Gwaggo: Madalla. Babanka fa, ka leƙa shi?

Mai Agogo: Jiya ma ina can. Ya ce in gaya wa yayarsa ta yi masa rowar ƙafa.

Gwaggo: Shi ma yana da ƙafa. Ya shagon?

Mai Agogo: Da godiya. Gyaran agogo dai ya ja baya, kowa wayarsa yake dubawa. Amma gidan tikitin nan da kika ƙirƙiro ya buɗe mana kasuwa.

Gwaggo: To. Shi ne dalilin kiran.

Mai Agogo: Gwaggo, ina jin ƙarar motoci, kuma kamar kina haki. Ina kike ne? Ba yau za ki ga likitan ido ba?

Gwaggo: Yau ne. A titi nake, a ƙafa. An sauke ni daga bas.

Mai Agogo: An sauya bas? Muryarki tana yankewa.

Gwaggo: An sauke ni, na ce. Kamar buhun da aka yi kuskuren lodawa.

Mai Agogo: Subhanallahi. Wane marar kunyar ne? Ki gaya mini lambar motar, yanzu in...

Gwaggo: Zauna inda kake, Injiniya. Ba haka suke kiranka a layinku ba? To Injiniya, tambaya ɗaya zan yi maka. Me na ce ka ƙera mini?

Mai Agogo: Gidan tikiti mana.

Gwaggo: Wane iri? Bari in tuna maka. Da hannuna na yanka kwalin alli, na haɗa shi da roba, na kawo maka shago. Na ce tikitin bas a jere ake sayar da su, manne da juna, a jaka suna yamutsewa, ni kuma yatsuna ba sa iya lalubo su. Na ce ka yi mini na gwangwani daidai aljihu, a naɗe jeren a ciki. In na tura da babban yatsa, guda ɗaya ya zuro kai waje ya tsaya, manne da 'yan'uwansa, kwandasta ya kama ya yage da hannunsa. Haka na ce ko ba haka ba?

Mai Agogo: Haka ne, kuma haka na yi. Ai kin daɗe kina amfani da shi.

Gwaggo: Har ka zo ka karɓa, ka ce sifirin ɗin, wayar nan da ke dawo da madannin, ya yi sanyi za ka canja. Me ka saka a ciki?

Mai Agogo: Sabon sifirin.

Gwaggo: Da me?

Mai Agogo: Da ɗan ƙari, na gyara.

Gwaggo: Ƙarin ba shi da suna?

Mai Agogo: Reza ce, 'yar ƙarama.

Gwaggo: Ta abin fiƙe fensir. Na buɗe na gani. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina ƙwace su daga hannun ɗalibai, yau ita ce a aljihuna ban sani ba.

Mai Agogo: Gwaggo, ki tsaya in yi miki bayani...

Gwaggo: Ka bari in gama, a aji ma ba a katse ni ba. Na shiga bas, na samu wuri kusa da taga. Kwandasta yana can gaba yana juya mini baya. Na ce bari in zuro tikitin ya same shi a shirye. Ina turawa sai na ji ƙat. Tikiti ya yanke, ya faɗi, ya shige ƙarƙashin kujerar gabana. Na sunkuya da wannan bayan nawa, ina lalube cikin takalman mutane. Ina ɗagowa da shi a hannu, sai ga kwandasta a tsaye a kaina.

Mai Agogo: Ai sai ki gaya masa yanzu ya faɗi.

Gwaggo: Ka ga na yi kama da wadda ba ta iya magana? Na gaya masa. Ka san me ya ce? "Mama, a shekarunki kina tsintar tikiti a ƙasa?" Da ƙarfi ya faɗa, har na bayan mota suka miƙo wuya.

Mai Agogo: Wallahi bai da tarbiyya.

Gwaggo: Tarbiyyarsa ni da ofishinsu ne, zan je. Yanzu taka nake yi. Ya ce ko in biya kuɗi a hannu ko in sauka. Sai wata mata ta taso daga baya, wadda na koya wa rubutu tun tana riƙe fensir kamar muciya. Ta ce, "Malama, ki bari in biya miki." A hankali ta faɗa, da tausayi. Wannan ya fi zagin ciwo. Na ce mata ta zauna. Na ce wa direba ya tsaya.

Mai Agogo: Ashe ke kika sauka da kanki.

Gwaggo: Wanda aka ce wa ya amsa laifin da bai yi ba ko ya fita, korarsa aka yi.

Mai Agogo: Allah ya huci zuciyarki, Gwaggo. Amma gaskiya ba laifin rezar ba ne. Kin riga kin danna tun bai zo ba. Da kin jira...

Gwaggo: Da na jira sai ya faɗi a kan ƙafarsa maimakon tawa. Ka taɓa juya tikiti ka karanta bayansa?

Mai Agogo: Wa yake karanta bayan tikiti?

Gwaggo: Ni. An rubuta cewa duk tikitin da aka raba da jerensa ba da hannun kwandasta ba, ya mutu. Kuma doka ce mai kyau. In ba haka ba kowa sai ya share ƙasan mota ya cika aljihu. Don haka na ce bakin gidan ya zama mai santsi, kada a sa komai mai kaifi. Har jan layi na yi a ƙarƙashin maganar a jikin kwalin.

Mai Agogo: Kwandastocin da na sani ba sa damuwa da wannan.

Gwaggo: Waɗanda kake gyara wa agogo kyauta. Ni ba su san ni ba.

Mai Agogo: To ni ma ki saurare ni. Mutane suna ƙorafi. Kwandasta yana sauri, ya fizga, ya yage ɗaya da rabi, na biyun ya lalace. Rezar tana yankewa tsaf, kan layi. Kuma wannan ƙarar, ƙat ɗin nan, ita mutane suke so. Wanda ya gwada a shago sai ya yi ta dariya.

Gwaggo: A shago. A cikin bas ma an yi dariya yau... Kana jina? Halo?

Mai Agogo: Ina ji, wata babbar mota ce ta wuce ta wajenki.

Gwaggo: Ka ce wanda ya gwada a shago. Su wa suka gwada? Ba nawa kaɗai ka saka wa ba?

Mai Agogo: Naki na fara yi wa, don ke ce mai abin.

Gwaggo: Na fara. Sauran fa? Waɗanda ƙungiyarmu ta tsofaffin malamai ta ce a yi mata?

Mai Agogo: An gama su.

Gwaggo: Da reza ko babu?

Mai Agogo: Gwaggo, sun yi kyau ƙwarai. Na shafa musu koren fenti, na buga tambarin a murfi yadda kika amince, Ƙirar Malama, ya fito raɗau.

Gwaggo: Ban tambaye ka fenti ba.

Mai Agogo: Da reza.

Gwaggo: Duka?

Mai Agogo: Duka.

Gwaggo: Kuma yau ne taron, bayan azahar za a raba su.

Mai Agogo: Sakataren ƙungiyar ma ya kira ni ɗazu, na ce masa suna hanya.

Gwaggo: Ka san su wa za su karɓa? Ni na tashi a gabansu na ɗaga nawa, na ce ga abin da zai hutar da ku. Ba su san ka ba, maganata suka saya. Akwai tsohon hedimastanmu, da sanda yake tafiya, takalminsa ma ɗaura masa ake yi. Shi kake so ya durƙusa a cikin mota tana gudu? Akwai malamar ɗinki da idonta ya kusa tafiya. Ta ina za ta ga inda tikitin ya faɗi? A kira su ɓarayin tikiti ɗaya bayan ɗaya, kowa ya duba murfi ya ga wadda ta jawo masa.

Mai Agogo: Sai in manna 'yar takarda a jiki, a ce kada a danna sai kwandasta yana kallo.

Gwaggo: Ka haƙa rami a ƙofar aji ka kafa allo a ce a yi hankali. A'a. Ka cire rezar.

Mai Agogo: Ba za ta ciru haka nan ba, da dalma na like ta. Sai an buɗe kowanne, an sa wuta, fentin ya ƙone, a sake shafawa a jira ya bushe. Taron zai wuce.

Gwaggo: Ya wuce. Wata mai zuwa ma akwai taro.

Mai Agogo: Ni kuma in zama maƙaryaci a idon sakatare? Gwaggo, in faɗa miki gaskiya, zane naki ne amma hannu nawa ne. Ba zan zauna ina kwafar allo kamar ɗan aji uku ba. Ni ma ina da kai.

Gwaggo: Ban hana ka kai ba. Ka ƙera naka, ka rubuta Ƙirar Injiniya, ka saka masa adda ma in ka ga dama. Amma abin da ke ɗauke da sunana, yadda na zana zai fita.

Mai Agogo: To sai a goge sunan.

Gwaggo: Ka iya?

Mai Agogo: A jikin ƙarfen na buga shi, ba ya goguwa.

Gwaggo: Ko yana goguwa ban yarda ba. Sunan yana nan, rezar ce baƙuwa. Kuma ba shi kenan ba. In ka gama, za ka sa rigarka mai kyau ka bi ni tashar bas. Mu nemo kwandastan nan, ka buɗe gidan a gabansa, ka nuna masa abin da ya yanke tikitin, ka gaya masa da bakinka cewa gwaggonka ba ta tsinci komai a ƙasa ba.

Mai Agogo: Haba Gwaggo, mutumin ya riga ya manta da ke.

Gwaggo: Zan tuna masa.

Mai Agogo: Tashar zan bi ki, na yarda. Naki ma zan mayar miki yadda yake, yau ɗin nan. Amma na ƙungiya ki bari su tafi. Duk wanda ya samu matsala ya dawo da shi in gyara masa kyauta.

Gwaggo: Bayan an sauke shi a titi. Mutunci kake gyarawa da dalma?

Mai Agogo: Ni dai na riga na ɗaure kwalin, na fitar da shi. Mai babur yana hanya, na biya shi. Magana ta ƙare, Gwaggo, ki yi haƙuri. Ki samu abin hawa ki tafi asibiti kada layi ya wuce ki.

Gwaggo: Layin ya wuce tun tuni. Kwalin da ka ɗaure da jar igiya?

Mai Agogo: E... wa ya gaya miki jar igiya ce?

Gwaggo: Wanda ke bakin ƙofa, ƙarƙashin allon da aka zana agogo? Ɗaurin ma bai yi ba, ya karkace.

Mai Agogo: Gwaggo, ina kike?

Gwaggo: A kansa. Na gaji, tafiyar da nisa.

Mai Agogo: Kin zauna a kan kayan? Don Allah ki tashi, kwalin ba zai ɗauke ki ba, murafan za su lotse.

Gwaggo: To ka hanzarta. Ka kunna wutar dalmar, ka fito da filaya da tire. Kana cirewa ina dubawa, kowace reza a tafin hannuna za ka ajiye ta.

Mai Agogo: Sakataren fa? Me zan ce masa?

Gwaggo: Ni zan kira shi, ɗalibina ne. Tsaya. Kai mai babur, nan ka nufa? Kashe injin, ɗana, kayan nan ba inda za su yau.

Mai Agogo: Gwaggo, ki ba shi wayar in yi masa magana.

Gwaggo: Ka fito ka yi masa da bakinka. Ina hango ƙeyarka ta taga, ba zan ƙona katina a banza ba.